Ɗakin da Ba Ya Riƙe Turare

Sanyin bana ya shigo da wuri. Tun itatuwa ba su gama zubar da ganye ba muka fara tashi muna tarar da raɓa ta daskare a gilashin mota. 'Yata Ummi ta shiga watan haihuwarta, don haka na tattara 'yan kayana na koma gidanta a Summerfield, da babbar tukunyata da garin kunu da kanwa. Ranar da na isa, ko jaka ban kwance ba na kunna gawayi a kasko, na zuba turare, na shiga ɗakin da za ta yi jego na rufe ƙofa, na tsaya ina bin hayaƙin da ido. Ummi ta leƙo ta same ni kai a sama kamar mai duban wata. Ta tambaye ni da Turanci, yadda ta saba, wai me nake nema a silin. Na ce ta je ta zauna, cikinta ya fi ƙarfin tsayuwa. Ba amsar tambayarta ba ke nan.

Ummi ba shi ne sunanta na yanka ba. Sunan mahaifiyata aka sa mata, shi ya sa bakina ba ya iya kiransa. An haife ta a farkon shekarun dubu biyu, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar sanyi. Muna haya a wani tsohon gidan katako a East Greensboro, ɗaki biyu da falo da kicin. Mai gidan tsohuwa ce da ke zaune a wata jiha, ta ce duk abin da ya lalace mu gyara in za mu iya. Wannan magana ta yi wa mijina daɗi. Malam a masana'antar kujeru yake aiki a High Point, amma mahaifinsa magini ne a Maradi, shi kuma da kwandon ƙasa a ka ya girma. Saboda haka in dai zancen gida ne, ba ya jin akwai wanda zai koya masa wani abu.

Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, kowa ya san haka. Ni kuwa takarduna ba su ba ni damar fita in dawo ba. Da aka rasa yadda za a yi, sai Inna ta ce to, ita za ta zo. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta taɓa wuce Yamai ba, amma ta hau jirgi ta ƙetare teku da busasshen ganyen dogon yaro da yajin jego da wata kwalba cike da turaren wuta na haɗin hannunta. Yadda aka yi ma'aikatan filin jirgi suka bar ta ta wuce da wannan kaya, har yau ban sani ba. Ranar suna ta ɗauki jaririyar ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce mini, "Ba ni tahiya sai wagga ɗiya ta zauna da kanta." Na riƙe wannan magana da hannu biyu, don ni a raina so nake Inna ta zauna da mu har abada.

Muka ba ta ƙaramin ɗakin da ke kusa da banɗaki. Daga ranar da ta ajiye jakarta a ciki, Malam bai ƙara taka ƙofar ɗakin ba. Ɗakin suruka ne. Ita ma ba ta haɗa ido da shi. In ya dawo aiki zai durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon bango. Duk wata magana da ta wuce gaisuwa, ta bakina take bi. Ita ta ce, "Ki hwaɗa ma Malam," shi ya ce, "Ki gaya wa Inna," alhali suna jin juna sarai.

Aka fara azumi ina kwance da ɗanyen jiki. Inna takan yi sahur, ta yi sallar asuba, ta ɗora babbar tukunya. In ruwa ya tafasa ta juye a bokiti ta ja shi zuwa banɗaki, ta jiƙa ganye, ta kira ni. Duk wadda ta yi wankan jego a hannun uwarta ta san babu rarrashi a ciki. Ina ihu tana fyaɗa mini ganye a baya tana cewa in yi shiru kada maƙwabta su kira 'yan sanda. Tururi yakan cika banɗakin har ba ma ganin juna. Daga nan kunun kanwa mai zafi, da gasasshen nama da yaji. Da yamma, kafin a sha ruwa, a sake wani wankan. Ni nake ci, ita ke azumi, kuma ita ke aikin. Yinin gajere ne, babu ƙishirwa ko kaɗan, amma yunwar sanyi daban take. Takan sa mutum ya ji ƙasusuwansa ma suna neman abinci.

Abokin gabar Inna guda ɗaya ne a duniya, wato sanyi. A wurinta in ya shiga jikin mai jego ba ya fita sai a kabari. Sai ga shi ta zo yaƙi da shi a gidan da ya mai da nasa. Hita tana aiki ba dare ba rana. Iska mai ɗumi takan fito ta wasu ƙarafa a daɓe, in ka ɗora ƙafa a kai ka ji daɗi, in ka matsa taku biyu ka koma cikin sanyi. Muka yi abin da muka sani. A gida sanyi ta ƙofa da taga yake shigowa, don haka muka cusa tsummoki a ƙarƙashin ƙofofi, Malam ya buga leda a kowace taga, muka rataye bargo a ƙofar falo. Gidan ya yi duhu, ya zama kamar rumbu, amma bai yi ɗumi ba. Akwai wata ƙaramar hita ta lantarki da Malam ya sayo wa Inna. Kwana ɗaya ta yi a ɗakinta, washegari na tarar da ita a gindin gadona. Na yi magana, Inna ta ce ita ba jego take yi ba.

Kowace yamma bayan wanka sai ta turara mini ɗaki. Ranar farko ta cika hannu, sai abin nan mai jin hayaƙi da ke maƙale a silin ya fasa ƙara. Saura kaɗan ta yar da kaskon. Da na yi mata bayani ta ce, "Ikon Allah. Ƙasar da har turare ana kai ƙararshi." Daga ranar ta koma zuba ɗan kaɗan, ƙofa a rufe.

A nan ne ta fara maganar da ta yi ta maimaitawa har ta tafi.

"Wanga ɗaki bai riƙon turare."

A Maradi, in ji ta, in ta turara ɗaki da magariba, washegari da azahar ƙamshin yana nan a tabarma. A nan kuwa kafin a yi isha'i ya ɓace. Ta nuna mini da haɓa. "Dubi. Sama yake tahiya, yana bin gindin hitila." Na duba. Gaskiya ne, hayaƙin yakan tashi siriri, ya lanƙwasa, ya nufi inda fitila take manne da silin, ya shige. Na ce, "Inna, ai hayaƙi dama sama yake zuwa." Da na gaya wa Malam, sai ya ce wataƙila turaren ya sha iska a hanya. Tana jinsa daga kicin. Ta jira ya fita, sannan ta ce, "Turarena bai shan iska. Gidanku ne ke da ƙohwa a ka." Na yi dariya har ɗinkina ya yi zafi. Ita ma ta yi, amma ba ta janye maganarta ba.

Da azumi ya raba tsakiya, wani tabo ruwan ƙasa ya fito a silin kusa da banɗaki. Daga baya ya fara ɗiga. Malam ya dube shi sau ɗaya ya yanke hukunci, rufi ne ke yoyo. A gidan ubansa in ɗaki ya yi yoyo, sama ake hawa a yi yaɓe, babu wani dogon bincike. Ya aro tsani, ya sayo kwalta, ranar Lahadi ya hau da azumi a bakinsa. Ya sauko yatsunsa ba sa lanƙwasuwa, sai da na jiƙa masa su a ruwan ɗumi. Ɗiga ba ta daina ba. Ya sake hawa. Inna ta ce mini, "Ki tambayi Malam, ruwan da ke ɗiga rana na haske, ba a yi ruwan sama ba, daga ina ya hito?" Na dubi mutumin da ya yini a kan rufi yana rawar ɗari saboda mu, sai na ce masa Inna tana yi masa sannu da aiki.

Ana saura 'yan kwanaki sallah aka yi wani ruwa da ban taɓa ganin irinsa ba. Ruwa ne sosai yake sauka, amma duk abin da ya taɓa sai ya daskare a kai. Gari ya waye kowane reshe ya yi nauyi da ƙanƙara, kana jin itatuwa suna karyewa nan da can cikin unguwa. Wayoyin wuta suka tsinke. Malam ya leƙo ya ce, "Kuran ya tafi," wato an ɗauke wutar lantarki. Hita ta yi shiru. Kafin azahar muna ganin numfashinmu a cikin falo.

Malam ya kwashe bargonsa ya koma falo, ya aiko ni in roƙi Inna ta dawo ɗakina. Wannan karon ba ta yi gardama ba. Ta cusa Ummi cikin rigarta, fata da fata, ta ɗaure da zane, ta zauna tana jan carbi. Murhunmu na gas ne, don haka wanka bai tsaya ba. Na roƙe ta a ɗaga ko na kwana ɗaya, ta ce ba a kanta za a fara ba. Takan tafasa ruwan, ɗumi ya ɗan taru a gidan, kafin mutum ya idar da salla ya tsere. Muka yi buɗa-baki da kyandir, da kunu da sauran dabino. Muka yi sallah a haka, kowa da rigar sanyi a kan sabon ɗinkinsa. Da wuta ta dawo, Inna ta naɗe shimfiɗarta ta koma ɗakinta. Ta ce ba za ta hana mutum ɗakinsa ba.

Tari ya fara mata a wannan makon. Da fari busasshe ne, daga baya ya sauka ƙirji. Da asuba nakan ji shi ta bango, sannan in ji ƙarar tukunya. Muka kai ta asibiti, suka ba ta magani, suka ce ta zauna wuri mai ɗumi. Ta ɗan samu sauƙi, amma fuskarta ta faɗa, zobenta ya fara yawo a yatsa.

Ranar arba'in ta yi mini wankan ƙarshe, ta yi mini kitso, ta sa mini lalle. Tana cikin ɗaure mini ƙafa, kanta a sunkuye, ta ce, "Ku mai da ni inda rana take."

Na ce, "Inna, ke kika ce sai yarinyar nan ta zauna."

Ta ce, "Bakina ne ya yi alkawari. Ƙirjina bai sani ba."

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na yi kuka, na ƙi cin abinci, na ce dama ba ta son zama da ni. Malam ya aiko cewa ta yi haƙuri zai sayo babbar hita. Ta ce in gaya masa ya yi duk abin da ɗa zai yi, Allah ya yi masa albarka. Ranar tafiya ta miƙo mini kwalbar turaren, saura kusan rabi. Ta ce, "Aje shi. Kada ki ɓata shi a wanga gida, sai kun koma mai riƙo." A filin jirgi ta sumbaci tafin ƙafar Ummi, ta bi ma'aikaciyar da za ta raka ta, ba ta waiwayo ba.

Bayan tafiyarta da 'yan makonni aka yi dusar ƙanƙara marar yawa. Alhaji Lawali, wani mutumin Tawa da ke aiki da masu gyaran gidaje, ya rage wa Malam hanya daga masallaci. Da suka iso bai shigo ba, sai ya tsaya a titi yana kallon sama. Rufin kowane gida a layin fari ne tas. Namu kaɗai ne ya yi dabbare-dabbare, ruwa na zuba ta bakinsa. Ya ce, "Malam, ashe ku sararin Allah kuke ɗumamawa. Ina ƙofar atik ɗinku?" Yana nufin ɗan sararin nan da ke tsakanin silin da rufi.

Ƙofar tana ɗakin Inna, wani rami ne a silin, cikin kabad ɗin kaya da ke jikin bango. Malam ya tsaya a bakin ɗakin, ya yi sallama bisa sabo, sannan ya shiga. Katifarta tana nan a ƙasa, dab da ƙofar kabad ɗin. Sai a lokacin na lura da abin da ke kewaye da ƙofar. An cusa zannuwa a kowane gefe, an bi ƙananan tsagogin da ɗankwali. Zannuwan Inna ne, har da wanda ta yi sallah da shi. Alhaji Lawali ya zare su ɗaya bayan ɗaya ya buɗe kabad ɗin. A sama, allon da ke rufe ramin ya goce, ya bar wuri kamar faɗin tafin hannu. Sanyi ya zubo mana a fuska.

Malam ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce, "Ni na ture shi da bazara, don zafi ya samu hanyar fita." Haka ake yi a gida, ana barin 'yar kafa a saman ɗaki. Ya mayar da shi da sanyi ya gabato, ashe bai zauna daidai ba. Ya zauna a ƙasa kusa da katifar, ya ɗauki ɗankwali ɗaya ya riƙe. Ban taɓa ganin ya yi kuka ba sai ranar.

Alhaji ya hau da tocila, ya sauko ya yi mana bayani a hankali. Rufin lafiyarsa ƙalau, bai taɓa yoyo ba. Tururin wankana ne ke bin kafofi ya hau, ya daskare a jikin katako da ƙusoshi, in rana ta fito ya narke ya ɗigo. Ɗumin hita ma hanyar da yake bi ke nan, kuma duk abin da ya fita ta sama, sanyi ne ke shigowa ta ƙasa ya maye gurbinsa. Ya ce ramin nan babba ne, amma akwai ƙanana da yawa da ido ba ya gani. Sai ya juyo gare ni. "Hajiya, ko akwai turare a gidan? Da hayaƙi muke gane su."

Na ɗauko kaskon da kwalbar Inna. Ya zuba ɗan kaɗan, ya ɗaga. Hayaƙin ya tashi siriri, ya lanƙwasa, ya nufi gindin fitila. Alhaji ya ce, "Yawwa, kun gani?" Na ce na gani. Na wuce kicin na buɗe famfo don kada su ji ni.

Ranar Asabar mutanen masallaci suka zo gayya. Suka ɗaure hanci da baki, suka hau ɗaya bayan ɗaya, suna rarrafe a kan katako don silin ba ya ɗaukar nauyin mutum. Akwai wata auduga mai ƙaiƙayi shimfiɗe a can. Alhaji ya ce duk inda suka ga ta yi baƙi su ɗaga, akwai kafa a ƙarƙashi. Suka bi gefen bututu da inda wayoyi suka ratsa da kan bangaye, suna fesa wata kumfa da ke kumbura ta bushe, ƙananan tsagogi kuma su bi da danƙo. Kewayen bututun hayaƙin hita ya hana su sa kumfa, da falle na ƙarfe ya rufe shi. Allon kuwa Malam ya ce shi zai yi da hannunsa. Ya bi bakinsa da roba, ya manna masa soso mai kauri a baya, ya zaunar da shi, ya ɗaga, ya sake zaunarwa. Ni na tuƙa tuwo da miyar kuka, na dafa shayi. Suka sauko gashinsu duk ƙura, suna susa suna tsokanar wani da ƙafarsa ta kusa ɓullowa ta falo.

Da yamma ina shayar da Ummi sai na ji hita ta tsaya. Na ɗauka ta lalace. Malam ya ce a'a, gidan ne ya yi ɗumi, ta huta. Tun shigowar sanyi ba mu taɓa jin ta huta ba.

Washegari na sayi katin waya na kira shagon maƙwabcinmu a Maradi, aka je aka kirawo ta. Muryarta ta yi siriri. Na ba ta labari tun daga rufi har zuwa hayaƙi. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, na jira ya lafa.

Ta ce, "Kin gani ko? Amma kada ki bari Malam ya sa abin a ranshi. Ki ce ina gaishe shi."

Na ce, "Inna, ki dawo. Wallahi yanzu da riga ɗaya nake yawo a gidan."

Ta ce, "Bari zahi ya gasa ni tukuna. In damina ta wuce sai mu gani. Ɗiyar ta zauna?"

Na ce tukuna, sai an tokare ta da matashi.

Ta ce, "To, kada ki matsa mata."

Bayan babbar sallah da 'yan makonni yayana ya bugo da safe. Malam ne ya ɗauka, yana tsaye da takalmin aiki a ƙafa. Na ga ya zauna, na gane. Likita ya ce huhu ne. Mu dai mun san kwana ne ya ƙare. Lokacin da labarin ya iso mu, can har an dawo daga maƙabarta. Babu hanyar zuwa, kuma ko da akwai, babu abin da zan tarar. Mata suka cika gidan suna gaisuwa. Wata ta shigo tana cire rigar sanyi, ta ce, "Gidanki kuwa da ɗumi." Ba ta san abin da ta taɓo ba, kuma ban gaya mata ba.

Ban ɗauke katifar Inna ba. A kanta nake ajiye Ummi in zan yi shara. Wata yamma, itatuwa sun fara toho, na juyo na ga matashin ya zame gefe, yarinya tana zaune da kanta tana wasa da yatsun ƙafarta. Na tsaya da tsintsiya a hannu, ba wanda zan kira ya gani. Sai na je na ɗauko kaskon. Na zuba turaren, na goya Ummi, na ja ƙofar ɗakin na rufe.

Ban koma ba sai washegari da azahar, da na je ɗauko sallaya. Ina tura ƙofar ƙamshin ya tare ni, yana nan a katifa, a labule, a zannuwan da na ninke a kusurwa, kamar yanzu ta tashi ta shiga kicin. Har na buɗe baki zan ce, "Inna, ya riƙe."